Yadda Za Ka Faɗi Abin Da Ke Damunka Ba Tare Da Ɗora Wa Wani Laifi Ba

Tambayar takan zo da fuskoki iri-iri, amma guda ce. Mace ta ce da zarar ta ɗauko maganar abin da ke cin ranta, sai maigidan ya zura takalmi ya fice. Magidanci ya ce duk abin da ya faɗa wa uwargida, ƙarshensa kuka ne da gabar kwana uku. Uba ya ce ɗansa ya daina gaya masa komai. Abu ɗaya suke son sani: ta yaya zan faɗi abin da aka yi mini, a saurare ni, maganar ba ta koma rigima ba?

Sau da yawa ɓarnar tana cikin jimlar farko. "Jiya ka makara" magana ce a kan abin da ya faru. "Kai ba ka da alƙawari" hukunci ne a kan mutum. Wanda aka gaya wa ta farko yana iya cewa, "Haka ne, yi haƙuri." Wanda aka gaya wa ta biyu ba shi da abin yi sai kare kansa, domin ba a nuna masa abin gyara ba, an dai gaya masa ko shi wane ne. Nan take batun ya sauya. An bar maganar makara, an koma shari'ar wane ne mai laifi a cikin gidan. Za a kwana a kai, gobe kuma ya sake makara.

Matakan nan sun dace da ma'aurata, iyaye da 'ya'ya, 'yan'uwa da aminai. An yi amfani da "kai" don sauƙin rubutu, amma ke ma da ke ake.

Kafin ka fara

Kayan aikin ba su da yawa: takarda da biro ko wurin rubutu a waya, agogo mai nuna daƙiƙa, da wurin da ba mai jin ku. Ba a kashe ko sisi. Abin da za ka kashe lokaci ne: sati ɗaya na lura da bakinka, minti 20 na shiri kafin kowace magana mai nauyi, sai minti 20 zuwa 30 na zaman kansa. Akwai kuma abin da ya fi lokaci tsada, wato haɗiye jimlar da ka san za ta yi masa zafi, alhali kana ganin ya cancance ta.

Rashin yin hakan ma yana da tasa tsadar, har a jiki. A 2005 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun wallafa binciken ma'aurata 42 da aka yi wa ƙananan raunuka a fatar hannu. Raunukan waɗanda suka fi jifan juna da baƙar magana sun warke da saurin da bai wuce kashi 60 cikin 100 na saurin sauran ba.

*Gargaɗi:* Idan akwai duka, barazana, kulle mutum, ƙwace masa waya ko kuɗi don a mallake shi, ko kuma kina tsoron abin da zai biyo baya idan kika yi magana, wannan jagorar ba ta ishe ki ba. Gyaran lafazi ba ya tsayar da mai cin zali, kuma kada kowa ya ce miki don ba ki iya magana ba ne ake dukan ki. A nan abin nema shi ne tsira: amintaccen mutum, likita, da hukuma.

1. Yi sati ɗaya kana kama bakinka

Kada ka fara da gyara. Fara da sanin irin zargin da bakinka ya saba da shi, domin yawancinsa yana fita ne ba ka sani ba. Kowane dare ka rubuta jimla biyu ko uku da ka faɗa cikin ɓacin rai, yadda ka faɗe su, ba kwaskwarima. Bayan kwana bakwai za ka ga iri biyu ko uku ne ke ta dawowa. Ga waɗanda aka fi samu:

- "Kullum" da "ba ka taɓa". "Kullum sai kin ɓata mana lokaci." "Ba ka taɓa taimaka mini ba." Wanda aka faɗa wa zai tuno rana ɗaya da ya taimaka, ya kafe a kanta, kuma gaskiyarsa ce. Ka faɗi a muhawarar tun kafin a fara.
- Laƙabi. Malalaci, marowaci, mai son kai, marar tunani, sakarai.
- Tambayar da ba amsa take nema ba. "Me ya sa ba ka da hankali ne?" "Sau nawa zan gaya miki?" Tuhuma ce aka sa mata rigar tambaya.
- Karanta zuciya. "Da gangan ka yi." "Na san so kike ki tozarta ni." Ba ka ga zuciyarsa ba, aikinsa ka gani.
- Kwatance. "Dubi mijin wance." "Ƙaninka ma ya fi ka."
- Jawo dangi. "Halin gidanku ne." Wannan tana daɗewa ba ta goge ba, domin ka haɗa shi da mutanen da ba zai taɓa yarda a zaga ba.
- Gori. "Duk abin da na yi maka." Alherin da aka yi gori da shi ya zama bashi.
- Habaici da "an". Ku biyu ne a gidan, ka ce, "An dai bar ƙofa a buɗe." Ya san da shi kake, kuma ka hana shi damar amsawa kai tsaye.

Ka kula sosai da ƙananan kalmomi, don su ne ke ɗauke da dafin. "Ka manta" labari ne. "Ka kuma mantawa" ya jawo tarihi. "Dama ai sai ka manta" ya yanke hukunci cewa haka aka halicce shi. "Dama", "ai", "kai dai", "ke kam", "wai" da "kuma" ba sa ɗaukar daƙiƙa guda a baki, amma su kunne ke fara kamawa. Haka tsaki, harara, taɓe baki da kwaikwayon muryar mutum. Su ma ka rubuta su.

*Gargaɗi:* Naka za ka rubuta. Da yawa sukan fara da nasu, kwana biyu sai takardar ta cika da laifuffukan abokin zama. Laifi tudu ne. Idan ka tara nasa, makami ka haɗa, kuma ranar faɗa za ka zaro shi.

2. Huce tukuna

John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington, ya shafe shekaru yana ɗaukar bidiyon ma'aurata suna tattauna saɓaninsu, an maƙala musu na'urar auna bugun zuciya. Ya lura cewa idan bugun ya haura kusan 100 a minti, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata. Jiki ya shiga shirin faɗa ko gudu, kowace kalma sai ta zo masa kamar hari.

Kana iya aunawa da kanka. Ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Idan kana zaune kuma ya kai 100, ba lokacin magana ba ne. Sauran alamun ka san su: zafin fuska, cije haƙora, rawar murya, numfashi sama-sama. Jiki yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Taka ƙafa, watsa ruwa, ko ja numfashi a hankali kana tsawaita fitarsa.

*Gargaɗi:* Idan ka yi minti 20 ɗin kana tsara amsar da za ta kashe masa baki, ba ka huce ba, wutar ka rura.

3. Zaɓi abu ɗaya, ka raba shi da hali

Ɗauki takarda. Rubuta abu ɗaya tak, wanda ya faru kwanan nan, da rana da lokaci. Sai ka gwada shi da wannan awo: da an ajiye kyamara a ɗakin, me za ta ɗauka? Kyamara ba ta ɗaukar "rashin mutunci". Tana ɗaukar "ina magana ka ci gaba da danna waya". Ba ta ɗaukar "almubazzaranci". Tana ɗaukar "an cire kuɗi daga ajiyarmu ranar Talata ban sani ba". Duk abin da kyamara ba za ta gani ba, fassararka ce, ka soke ta.

Dalilin wannan matakin shi ne wata karkata da kowa ke da ita. Idan ni na makara, cunkoson hanya ne. Idan kai ka makara, halinka ne. A 1977 Lee Ross na Jami'ar Stanford ya sa wa wannan karkatar suna, wato saurin danganta aikin wani ga ɗabi'arsa tare da mance yanayin da yake ciki. Binciken zaman aure ya nuna cewa waɗanda zamansu ya yi tsami sun fi ɗaukar kuskuren juna a matsayin ganganci kuma hali mai ɗorewa. Don haka kafin ka tashi daga takardar, rubuta dalilai biyu da za su iya sa shi yin abin, waɗanda ba mugunta ba ne: gajiya, mantuwa, matsin aiki, ko bai san abin yana da muhimmanci a wurinka ba. Ba dole ka gaskata su ba. Amfaninsu su buɗe ƙofar tambaya.

*Gargaɗi:* Abu ɗaya aka ce. Idan ka haɗa na jiya da na bara da na shekarar aure, ba wanda zai iya amsa su duka, sai ya zaɓi mafi rauni ya rusa shi. Sauran ka ajiye su zuwa wani zaman.

4. Gina jimlar

Nan ne aikin yake, kuma a rubuce za ka fara yin sa. Tsarin fara magana da "ni" maimakon "kai" Thomas Gordon, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, shi ne ya yaɗa shi tun shekarun 1960 a darussan da yake ba iyaye, wani masanin kuma, Marshall Rosenberg, ya shimfiɗa shi gaɓa huɗu. Ga yadda ake jera su:

1. Abin da ya faru, kamar yadda ka rubuta a mataki na 3.
2. Abin da ka ji a ranka, kalma ɗaya ko biyu.
3. Abin da ya sa ya dame ka, wato buƙatarka.
4. Abin da kake roƙo a yi, takamaimai.

Matar da ta saba cewa, "Kai ba ruwanka da kowa a gidan nan, kullum sai tsakar dare," za ta ce: "Baban Hafsat, jiya da shekaranjiya sai bayan sha ɗaya ka shigo, ban samu wayarka ba. Hankalina ya tashi, don ban san ko lafiya ba. Don Allah idan za ka wuce tara, ka turo mini saƙo ko da layi ɗaya ne."

Mijin da ya saba cewa, "Ke ba a rufin asiri da ke," zai ce: "Maganar bashin nan da na gaya miki, na ji ta a bakin yayarki. Na ji kunya ƙwarai. Ina so in riƙa gaya miki damuwata hankalina kwance. Idan na ce abu tsakaninmu ne, ki tambaye ni kafin ki faɗa wa kowa."

Ƙanwar da ke jinyar mahaifiya ita kaɗai, maimakon "Kun zuba mini ido kamar ni kaɗai ta haifa," za ta ce: "Yaya, wata biyu ke nan ni nake kai Umma asibiti duk sati. Na gaji, aikina ma ya fara taɓuwa. Za ka iya ɗaukar sati biyu a kowane wata?"

Gaɓa ta biyu ita ce ta fi ba mutane wahala. Kalmomin da ke aiki su ne na abin da ke cikinka: na ji tsoro, na ji kunya, na gaji, na damu, raina ya ɓaci, na ji kaɗaici. Kuma sau da yawa fushi mayafi ne. A ƙarƙashinsa akwai tsoro ko kunya, kuma su ne ke taɓa zuciyar mai sauraro. "Na ji haushi" yana sa mutum ya gyara tsayuwa. "Na ji tsoro" yana sa shi matsowa.

Gaɓa ta huɗu kuma dole ta zama abin da za a iya yi gobe, a gani an yi. "Ka canza hali" ba roƙo ba ne. "Ki riƙa girmama ni" ma ya yi faɗi, ba ta san ta ina za ta fara ba. "Idan za ki gyara mini magana, ki bari sai baƙi sun tafi" roƙo ne. Ka faɗi abin da kake so a yi, ya fi ka faɗi abin da kake so a bari.

Har siffar aikatau tana da tasiri. "Kofin ya fashe" da "ka fasa kofin" abu ɗaya suke bayyanawa, amma ba nauyi ɗaya suke ɗorawa ba. A 2010 masu bincike Caitlin Fausey da Lera Boroditsky sun nuna cewa mutanen da suka karanta labarin haɗari a siffar "ta yi kaza" sun fi ɗora laifi da tara mai yawa a kan waɗanda suka karanta shi a siffar "kaza ya faru". Idan abin tsautsayi ne, faɗe shi a matsayin tsautsayi. Idan kuwa aiki ne da mutum ya zaɓa, kira shi da sunansa kai tsaye, kada ka ɓuya a bayan "an".

*Gargaɗi na farko:* Zargi yakan sa rigar "ni" ya dawo. "Ina jin kamar ba ka damu da ni ba." "Na ji an wulaƙanta ni." "Ina ganin ke mai son kai ce." Duk sun fara da "ni", duk hukunci ne a kan ɗayan. Awon mai sauƙi ne: idan bayan "na ji" akwai "kamar", "cewa" ko "an", koma ka gyara.

*Gargaɗi na biyu:* Kada ka haddace tsarin ka riƙa rera shi kamar karatu. Wanda ya san muryarka shekara goma zai gane, ya ji kamar ana gwada wata dabara a kansa. Riƙe gaɓoɓin huɗu a ka, ka faɗe su da bakinka na kullum. Jimla uku ko huɗu sun isa.

Ga iyaye da manya, tsarin bai canza ba, lafazin ne ke sauka. Ka yi amfani da "ku", ka rage gaɓa ta biyu, ka mayar da roƙon neman alfarma: "Baba, ranar da kuka yi mini faɗa a gaban yarana abin ya yi mini nauyi. Ina neman alfarma, idan na yi kuskure ku kira ni gefe." Ga yaro kuma, ka tsaya a kan aikin da gyaransa: "Littattafanka suna ƙasa, kwashe su ka sa a jaka." Yaron da aka yi ta kira malalaci yakan yarda, daga nan ya daina ƙoƙari, ya kuma koyi ɓoye kuskure.

5. Nemi lokaci, zaɓi wuri

Kada ka tare mutum a bakin ƙofa yana shigowa, ko yana jin yunwa, ko barci ya ɗauke shi rabi. Kada a gaban yara, baƙi ko dangi. Wanda aka titsiye a gaban mutane mutuncinsa yake karewa, ko da ya san bai da gaskiya. Ka nemi izini a gajarce: "Akwai maganar da nake so mu yi, ba za ta wuce minti 20 ba. Yanzu ko bayan yara sun kwanta?" Ku ajiye waya, ku zauna duka, kada ɗaya na tsaye a kan ɗaya.

*Gargaɗi:* Kada ka ce "muna da magana" da safe ka bar shi da fargaba har dare. Zai iso da shirin kare kai. Faɗi kan maganar a kalma biyu: "kan kuɗin makaranta ne". Kuma kada ka aika ƙorafi ta WhatsApp. Rubutu ba shi da murya, mai karatu shi ke sa masa muryar da ya ga dama, kuma saƙon yana nan, za a koma a karanta shi sau goma.

6. Minti uku na farko

A wani bincike da Sybil Carrère da Gottman suka wallafa a 1999 kan sababbin ma'aurata 124, yadda minti uku na farkon tattaunawar saɓani suka kasance ya nuna waɗanda suka fi yiwuwar rabuwa cikin shekaru shida. Maganar da aka buɗe da zafi da wuya ta sauka lafiya.

Saukar da murya ƙasa da yadda ka saba. Kira shi da sunan da kake kiran sa ranar daɗi. Idan kana da naka kason a matsalar, fara da shi: "Na san ban taɓa gaya maka wannan a fili ba." Sai ka faɗi jimlolinka na mataki na 4. Sai ka rufe da tambaya ta gaskiya: "Kai ya ka ga abin?"

*Gargaɗi:* Yabon da "amma" ke bin sa ba ya shiga. "Kina ƙoƙari, amma..." tun daga "amma" ta manta da ƙoƙarin. Idan za ka yaba, yaba ka sa aya.

7. Yi shiru, ka maimaita

Ka faɗi naka, yanzu ka saurara har ya kai aya. Kada ka katse shi don gyara rana ko adadi. Idan ya gama, maimaita abin da ka fahimta da kalmominka: "Wato kana ganin duk lokacin da ka shigo da ƙorafi nake tarbar ka, shi ya sa kake jan ƙafa. Haka ne?" Maimaitawa ba amincewa ba ce. Tana nuna masa dai maganarsa ta isa, kuma mutum ba ya sassautowa sai ya tabbatar an ji shi.

8. Idan ya mayar maka da zargi

Zai iya faruwa ko da ka bi komai daidai, musamman a karo na farko da na biyu, domin kunnensa ya saba jin hari daga gare ka. Zai ce, "Ke fa? Ke ba kya yi?" A nan yawancin mutane ke zubar da duk shirinsu.

Abu uku za ka yi, a jere. Na farko, nemo ɗan abin da yake gaskiya a maganarsa, ko kaɗan ne, ka amsa shi: "Gaskiya ne, ni ma satin da ya wuce ban kira ba." Na biyu, ba maganarsa wuri: "Ina so mu yi wannan ma, gobe in ka yarda." Na uku, koma kan batun: "Yanzu dai mu gama ta saƙon dare." Haka za ka yi ranar da aka fara jifan ka da zargi ba kai ka ɗauko maganar ba. A bayan kusan kowane "ba ka taɓa" akwai roƙon da ba a iya faɗa ba. Tambaye shi: "Me kike so in yi wanda ban yi ba?"

Akwai kuma wanda ba ya ramawa, shiru yake yi ko ya fice. Andrew Christensen na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya daɗe yana nazarin wannan zagayen: ɗaya na matsawa, ɗaya na janyewa, matsin na ƙara janyewar, janyewar na ƙara matsin. Idan kai ne mai matsawa, ɗaga murya da bin sa ɗaki-ɗaki ba zai buɗe bakinsa ba. Sau da yawa mai shirun nan zuciyarsa bugawa take kamar ta fito, ko da fuskarsa ba ta nuna ba. Ka ba shi hutun mataki na gaba.

*Gargaɗi:* Kada ka zama malamin lafazi. "Ka ga, ka ce 'kullum', wannan zargi ne" shi ma zargi ne, kuma mai ban haushi. Gyara naka bakin. Idan kana so ku bi tsarin tare, ku yi maganarsa ranar da ba faɗa.

9. Idan wuta ta tashi, a tsaya

Ku amince tun ranar lafiya a kan kalma ɗaya da kowa zai iya faɗa, kamar "mu sha iska". Wanda ya nemi hutun shi zai faɗi lokacin dawowa, kuma shi zai dawo da maganar: "Raina ya fara ɓaci, ba na so in faɗi abin da zan yi nadama. Ba ni minti 30." Kada hutun ya gaza minti 20, kada ya wuce kwana ɗaya. Wanda ya fice bai ce komai ba, ko ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwa, gaba yake yi, kuma gaba zargi ce da ba a furta ba.

Idan izgili ya shigo, wato dariyar raini, kwaikwayon murya ko zagi, a tsaya nan take. Cikin halaye huɗu da Gottman ya lissafa masu rusa aure, wato suka, kare kai, toshe kunne da raini, raini ne ya fi nuna aure na hanyar mutuwa. Magana zarar bunu ce, ta raini kuwa ita ce ba ta komawa ko kaɗan.

10. Ba da haƙuri a kan naka

Ban haƙurin da ke aiki yana da gaɓa uku: abin da na yi, abin da ya jawo maka, abin da zan yi nan gaba. "Na kira ki marar tunani. Na san ya yi miki zafi, kuma bai dace ba. Idan raina ya ɓaci zan nemi hutu kafin in yi magana."

*Gargaɗi:* "Yi haƙuri in ka ji haushi" ya mayar da laifin kan mai jin haushin. "Yi haƙuri, amma ke kika ja" ya fi rashin ban haƙurin muni. Akwai kuma wanda ke kifar da laifin duka a kansa: "To shi ke nan, ni ne mugu, komai ni ne." Wannan rufe magana ne, yana tilasta wa wanda aka ɓata wa ya koma lallashi. Ɗauki kasonka daidai girmansa.

11. Ku tsayar da abu ɗaya, ku sa ranar dubawa

Kada ku tashi da "za mu gyara". Ku tashi da wa zai yi me, yaushe: saƙo kafin tara, ko duk kuɗin da ya wuce adadin da kuka yanka sai an yi shawara. Ku sa rana bayan sati ɗaya ko biyu, minti 10 kawai, ku duba. Idan ya yi sau huɗu cikin bakwai, fara da huɗun. Mutumin da ya yi ƙoƙari aka nuna masa ukun da ya rasa, ba zai sake ƙoƙari ba. Gottman ya samu cewa ma'auratan da zamansu ya ɗore, ko a tsakiyar saɓani, kyakkyawar mu'amala biyar suke yi a kan kowace mummuna ɗaya: murmushi, gyaɗa kai, "haka ne", taɓa hannu.

Ka kuma san cewa ba kowane saɓani ke ƙarewa ba. A lissafin Gottman kusan kashi 69 cikin 100 na matsalolin ma'aurata masu dawowa ne, domin tushensu bambancin ɗabi'a ne: ɗaya mai tattali ɗaya mai sakin hannu, ɗaya mai son jama'a ɗaya mai son shiru. Irin waɗannan ba a warke su, lallaɓa su ake yi, kuma za ku sake zama a kansu bayan wata uku. Dawowarsu ba ta nufin wani ya karya alƙawari.

12. Lokacin shigo da na uku

Idan kun gwada wata biyu ko uku kuma kowane zama yana ƙarewa da zagi ko gaba, ko batun ya shafi cin amana, shaye-shaye, caca ko ciwon damuwa, ku nemi taimako: ƙwararren mai ba ma'aurata shawara, likita idan akwai rashin lafiya, ko dattijon da ku duka kuka yarda da adalcinsa da riƙon sirrinsa.

Ku zaɓe shi tare, ku je tare. Wanda ya riga ya je shi kaɗai ya karanta laifuffukan ɗayan, alƙali ya nemo, kuma ɗayan zai shigo a matsayin wanda ake ƙara. Ku guji wanda ke da ɓangare, kamar mahaifiyar ɗayanku ko amininsa, domin ku za ku shirya ku manta, shi bai manta ba. Tun a zaman farko ku gaya masa ba ku zo a faɗa muku mai gaskiya ba, kun zo a taya ku jin juna. Kowa ya zo da takardarsa ta mataki na 4, abu ɗaya a kai, ya karanta, ɗayan ya maimaita abin da ya ji kafin ya ba da amsa.